Lafiya da Aljihu: Matoshin jika ɗari, ko yatsun majo?

A wannan mako filin za shi tsaya ne bisa wani ɗan abu da bai kai ƙwayar wake girma ba, amma kuɗinshi ya fi albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci, kuma mai biyan kuɗin ba shi ganin shi da ido, domin cikin jikin maras lafiya ake barin shi.

A ƙaddara wani Alhaji ne mutumin Filinge, mai fataucin bisashe tsakanin Abala da kasuwar Lahadi ta Baleyara. Ya ba shekara sittin baya, shina fama da hawan jini, ga shi kuma ƙirji ya fara ɗaure mishi duk lokacin da ya ɗaga ƙafa don shi riski sallar jam'i. Asibitin gunduma ya tura shi gaba, likitan zuciya kuma ya ce ba makawa sai an leƙa jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar an ga inda sunka cushe. Ko a Yamai za a yi aikin, ko a Tunis, ko a Kazablanka, kafin a taɓa shi za a miƙa ma babban ɗanshi takardar lissafi. Cikin layukan takardar ana iya tarar da ɗaya da anka rubuta da Faransanci, «système de fermeture artérielle», da kuɗi mai nauyi a gabanshi. Yaro shi ce: «Lokotoro, wannan fa na mine ne?» A ce mishi: «Na rufe hudar da za a yi ma tsoho ne, don shi samu tashi da wuri.» To wane ɗa ne za shi tsaya neman ragi bisa jinin mahaifinshi? Sai shi sunkuyar da kai shi biya, ko da sai an ƙara kai raguna kasuwa. Tambayar da kunya ta hana shi yi ita ce: shin mine ne wannan kuɗi ke saye?

Da farko ya kamata a san dalilin hudar. Jijiyoyin jini iri biyu ne. Akwai masu komo da jini wajen zuciya, waɗanda ake sa ma allura in za a ɗebi jini ko a ƙara ruwa. Waɗannan ƴar auduga da lanƙwasa hannu sun ishe su. Akwai kuma masu fitar da jini daga zuciya, masu harbawa, irin wadda ake ji ƙarƙashin yatsa a tsintsiyar hannu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai yanka ran layya ya ga yadda jininsu ke tsartuwa. Ta cikin irin waɗannan ne likita ke zura siririn tiyo har shi kai bakin zuciya, shi feso wani ruwa da hoton radiyo ke gani. Wani likita ɗan Suwidin, Sven-Ivar Seldinger, shi ya fito a 1953 da dabarar shiga jijiya da allura da waya ba tare da an tsaga fata ba, kuma a 1977 Andreas Grüntzig ya fara buɗe cusasshiyar jijiyar zuciya da ƴar jakar roba mai kumbura, a birnin Zurik. Shekaru da yawa ƙofar shiga ita ce babbar jijiyar gindin cinya. Hudar ba ta da girma, wajen milimeta 2 ce, kaurin tsinken ashana, amma huda ce a jikin hanyar da zuciya ke tura ma jini da ƙarfi dare da rana, ga kuma maganin hana daskarewar jini da akan ba maras lafiya lokacin aikin.

Tsohuwar hanyar tsaida jinin ba ta buƙatar kome sai hannu da haƙuri. In an zare tiyo, majo ko likita shi ɗora yatsunshi bisa jijiyar, shi danne ta da ƙashin da ke ƙarƙashi minti 10 zuwa 20, har jini shi daskare shi liƙe hudar da kanshi. Sannan a ɗaure wurin tamau, a ce ma maras lafiya shi kwanta rigingine, kada shi lanƙwasa ƙafar, awa 4 zuwa 6, wani wurin ma har kwana. Ba abu ne mai daɗi ba. Baya na ciwo, fitsari sai a kwance, salla sai da ishara, kuma majon da ke dannawa ba shi iya taɓa wani aiki sai ya gama.

Wannan wahala ce masana'antun kayan asibiti sunka hango, sunka fito a tsakiyar shekarun 1990 da abin da za a iya kira matoshin jijiya. A Amurka an ba VasoSeal izini a 1995, Angio-Seal a 1996, Perclose kuma ya biyo baya. Kowane da dabararshi. Angio-Seal na sa ɗan maƙali daga cikin jijiya da ɗan curin kolajen daga waje, wanda daga jikin shanu ake samo shi, zare shi matse su biyu kamar yadda maɓalli ke riƙe bakin riga, kuma duka su narke cikin jiki tsakanin kwana 60 da 90. Perclose ɗinki ne sosai, zare shike zurawa shi ƙulle hudar. StarClose kuwa ɗan ƙarfe ne mai cafke bakin hudar daga waje, shi zauna nan muddin rai. Sau guda ake aiki da kowane. Kuɗin guda a kasuwannin Amurka da Turai shina kewayen dala 200, dalar Amurka fa, ba dalar kasuwar Filinge ta tamma biyar ba. Wato sama da jika 100 tun kafin a ɗora kuɗin jirgi da ribar mai shigowa da kaya. Don mai karatu shi auna, mafi ƙarancin albashin da doka ta tsaida a Nijar a 2012 jika 30 ne da tamma 47.

Mai saida kaya ba shi kushe kayanshi, saboda haka sai a dubi abin da awo ya nuna. Ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen shi ne wanda likitocin Jamus sunka yi sunka buga a 2014, mai suna ISAR-CLOSURE. Mutum 4,524 anka huda ma jijiyar cinya don leƙa zuciya. Kashi biyu cikin uku anka sa musu matoshi, saura anka danne musu da hannu, kuma ƙuri'a ce ta raba su, ba zaɓin likita ba. Wajen sauri babu gardama: da matoshi jini ya tsaya cikin minti 1, da hannu cikin minti 10. Amma da anka ƙidaya waɗanda sunka samu matsala a wurin hudar cikin kwana 30, sai anka samu 6.9 cikin ɗari a ɓangaren matoshi, 7.9 cikin ɗari a ɓangaren hannu, kuma mafi yawan matsalar taruwar jini ce ƙarƙashin fata, wadda ke bajewa da kanta. Iyakar abin da masu binciken sunka yarda su faɗa shi ne matoshi bai fi hannu muni ba. Bugu da ƙari, iri biyu na matoshi anka gwada: ɗaya ya ƙi kamawa a mutum 5 cikin ɗari, ɗayan a mutum 12. In ya ƙi kamawa, ana komawa ga yatsun majo ne, kuɗi kuwa ya riga ya tafi.

Ba Jamusawa kaɗai sunka ga haka ba. Tun 2004 wasu likitoci a birnin Biyana na Ostiriya sunka tattara gwaje-gwaje 30, sunka ce hujjar amfanin matoshi ba ta da ƙarfi, har sunka nuna damuwa cewa shina iya ƙara taruwar jini. A 2010 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka, ƙasar da ta fi kowa sayen wannan kaya, ta ce daidai ne a yi aiki da matoshi don tsaida jini da wuri da tada maras lafiya da wuri, amma kada a ɗauke shi a matsayin maganin rage haɗari ga kowa da kowa. Shi ma shina da nashi sharri, ko da ba kasafai ba: baƙon abu ne anka bari cikin jiki, shina iya kawo ruɓa a wurin, ko shi toshe jijiyar gaba ɗaya jini shi daina sauka ƙafa, kuma duka biyun aikin tiyata ne.

Ɗan kasuwa za shi iya yin sauran lissafin da kanshi. Ko da an yarda cewa bambancin nan na mutum guda cikin ɗari na gaske ne, sai an sa ma mutum ɗari matoshi kafin a kuɓutar da guda daga kumburin da yawanci za shi warke ba magani. Matoshi ɗari a jika 100, miliyan 10 ke nan na sefa. Kuɗi ne da za shi iya sayen maganin hawan jini na wata da watanni ma mutane masu yawa, a ƙasar da binciken ma'aikatar lafiya na 2007 ya nuna wajen babba guda cikin biyar na da hawan jini, cutar da ita ce ke kai da yawa daga cikinsu ga teburin likitan zuciya tun farko.

Ashe dai abin da ake saida ma mutum lokaci ne: minti 15 na majo, da awa 3 ko 4 na gado. Lokaci kuwa ba kuɗinshi ɗaya ba ko'ina. A babban asibitin Paris kwana guda a sashen zuciya kan kai Yuro 1,000 ko fiye, wato jika 655 da ɗoriya, ma'aikacin jinya kuma albashinshi mai tsada ne. A can, in matoshi ya sa an sallami mutum da la'asar maimakon shi kwana, ya biya kuɗin kanshi har da riba, kuma gadon ya samu wani. Binciken da ke cewa matoshi na rage kashe kuɗi bisa irin wannan farashi anka gina shi. A Yamai lamarin a juye shike. Gado a ɗakin kowa da kowa na asibitin gwamnati ƴan jikkuna ne a kwana, kuma tun 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin likita da awo da kwanciya a asibitocinta. Hannun majo da sefa ake biyan shi, matoshi kuwa da kuɗin waje ake sayo shi. Waɗanda sunka ga Janairun 1994, lokacin da anka karya darajar sefa da rabi a taron Dakar, magungunan kanti sunka yi tashin gwauron zabo, sun san abin da wannan ke nufi. Wanda ya biya jika 100 don shi tsere ma gadon jika kaɗan bai yi ciniki ba. Abin da ruwan zafi ya dafa, in an yi haƙuri ruwan sanyi ma za shi dafa shi.

Ga mutumin Kurfai kuma akwai wani zance da bai shiga lissafin Turawa ba, shi ne hanya. Daga Yamai zuwa Filinge wajen kilometa 180 ne, ta Hamdallai da Baleyara da Bonkuku. Wanda gidanshi ke Shikal ko Tukunus ko Luma kuma shina da sauran tafiya. A ƙasashen da ake sallamar mutum a ranar da anka yi mishi aiki, sharaɗi ne shi kwana kusa da asibiti, abin da bai wuce tafiyar awa guda ba, da wani babba a gefenshi. Dalili shi ne huda mai matoshi da huda maras matoshi duka suna iya ɓallewa daga baya. Jini na iya zuba ta ciki, bayan hanji, inda ido ba shi gani, sai dai a ga mutum na zufa shina suma. Wannan a awowin farko ya fi faruwa. Ko kuma bayan kwanaki wurin shi yi ƙullutu mai bugawa kamar zuciya, alamar hudar ba ta rufe ba, jini ya yi ma kanshi jaka a gefen jijiya. Gyaran irin wannan ba aikin asibitin gunduma ba ne, sai an koma Yamai. Mai karatu shi yi tunanin tsoho a takure cikin motar haya, gwiwa a ƙirji, cinya a lanƙwashe awa uku ko huɗu, bisa hanyar da rashin tsaro ya sa mutane ke gudun bin ta in rana ta faɗi. Babu likitan da ya san Dallol Boso da za shi bari Alhaji shi hau wannan mota a ranar. Dole ne shi kwana Yamai, kwana biyu ko uku ma. To awowin da matoshi ya saya mishi, ina sunka kai shi? Sun ɗauke shi daga gadon da majo ke leƙawa, sun kai shi tabarmar mai masauki a wata unguwa mai nisa. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa.

Wannan ba shi nufin matoshi kayan banza ne. Akwai mutanen da kwanciya rigingine awa 6 azaba ce a gare su ko ma haɗari: mai ciwon baya mai tsanani, mai zuciyar da ta gaji har ruwa ya taru a huhu, wanda in ya kwanta numfashi ke gagarar shi, ko tsohon da ya rikice ba shi jin magana. Akwai wanda anka ɗura ma maganin hana daskarewar jini mai yawa, wanda in da hannu ne sai an bar tiyo a cinyarshi awowi ana jiran ƙarfin maganin shi sauka. Akwai kuma manyan ayyuka, kamar sauya ƙyauren zuciya ta jijiya, inda hudar kan kai milimeta 5 ko 6. Nan yatsa ba shi isa, in ba matoshin ɗinki ba sai wuƙar tiyata, kuma matoshin ya fi araha nesa ba kusa ba. Ga waɗannan kuɗin ya halatta. Abin ƙi shi ne a mai da shi layi na dindindin a takardar kowa.

Sai dai babban abin da ya rage ma matoshi kasuwa a duniya ba gardamar kuɗi ba ce, sauya ƙofa ne. A 1989 Lucien Campeau, a Montreyal ta Kanada, ya nuna ana iya kaiwa ga zuciya ta jijiyar tsintsiyar hannu, kuma a farkon shekarun 1990 Ferdinand Kiemeneij na Amstadam ya fara buɗe jijiyoyin zuciya ta wannan hanya. Jijiyar hannu ƙarama ce, tana kwance dab da fata bisa ƙashi, in ta zuba ana gani nan take. Abin da take buƙata ɗan mundayen roba ne da ake hura ma iska, irin TR Band, a riƙa sassauta shi kaɗan kaɗan cikin ƴan awowi, kuɗinshi kuma bai kama ƙafar na matoshi ba. Maras lafiya na iya zaunawa shi sha kunu da ɗayan hannun. A gwajin RIVAL na 2011, mai mutum 7,021 masu ciwon zuciya na gaggawa, manyan matsalolin wurin huda sun kasance 1.4 cikin ɗari ta hannu, 3.7 ta cinya. A gwajin MATRIX na 2015, mai mutum 8,404, har mutuwa ta ragu: 1.6 cikin ɗari ta hannu, 2.2 ta cinya. A wannan shekara ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta sa hanyar hannu gaba ga irin waɗannan marasa lafiya, a inda likitoci sunka ƙware da ita. Irin wannan ragin haɗari shi ne matoshi ya shekara ashirin shina nema bai samu ba. Hanyar hannu ma ba ta kowa ba ce: wani jijiyarshi ta yi ƙanƙanta ko ta murɗe, wani kuma mai ciwon ƙoda ne da ake tanadin jijiyar hannunshi don wankin jini nan gaba. Amma ga yawancin mutane ita ce ta fi sauƙi, ta fi araha, ta kuma fi dacewa da mai doguwar tafiya.

Nan ne maganar ta shafi masu riƙe da baitulmali. An gina Babban Asibitin Referans na Yamai da taimakon ƙasar Sin, anka buɗe shi a 2016, da niyyar rage fitar da marasa lafiya waje, kuma duk aikin da anka dawo da shi gida sai an yi shawarar kayan da za a riƙa sayo mishi. Matoshi na da ranar lalacewa a jikin kwalinshi. Inda aiki bai da yawa, wanda bai samu cinya ba kafin ranar za shi ƙare a kwandon shara, da kuɗinshi. Sannan sai hannun da ya saba ke sa shi daidai. Hikima ita ce a aje kaɗan don waɗanda anka ambata a sama, sauran kuɗin a kashe shi wajen koya ma matasan likitoci hanyar hannu, da koya ma ma'aikatan jinya danna mai kyau, wanda shi ma ilimi ne: a ina za a sa yatsa, da wane ƙarfi, da yadda ake taɓa bayan ƙafa a tabbata jini na sauka.

Ma'aikacin da anka fitar waje, ko ɗan kasuwar da ya kai kanshi Tunisiya ko Maroko ko Indiya da kuɗin aljihunshi, nashi lissafin daban ne, domin can gado da masauki duka da kuɗin waje ake biya. In matoshi za shi cire mishi kwana guda daga takarda, mai yiwuwa ya ci riba. In kuwa kuɗin aikin dunƙule ne, da kwanan a ciki ko an kwana ko ba a kwana ba, to ya biya sau biyu. Kada a yi cinikin biri a sama. Ba rashin ladabi ba ne ɗa shi ce: «Lokotoro, ana iya bi ma Baba ta hannu? In ta cinya ce, mine ne ya hana a danne mishi? In an sa matoshin, yau za a sallame shi ko sai gobe?» Likitan kirki ba shi jin haushin waɗannan tambayoyi, kuma in shina da dalili za shi faɗe shi.

In har an sa matoshin, a nemi ƴar takardar da ke ɗauke da sunanshi da ranar da anka sa shi, a aje ta tare da katin ɗan ƙasa. Ga irin Angio-Seal, kwana 90 ake riƙe ta, domin likitan da za shi sake huda wurin a wannan tsakani dole shi sani. Da matoshi ko babu, wajen mako guda ba ɗaukar buhu, ba jan guga, ba hawan babur. In an koma gida anka ga kumburi a gindin cinya, musamman mai bugawa, kada a kai shi wajen wanzami a tsaga ko a yi ƙaho, domin ba maruru ba ne, jijiya ce a buɗe. Haka in ƙafa ta yi sanyi ko ta mace, ko wurin ya yi ja da zafi da mugunya, a nufi asibiti a ranar. In kuwa jini ya ɓalle, a kwantar da mutum rigingine, mai ƙarfi a gidan shi dunƙule hannu shi danne ɗan sama da hudar da dukan nauyinshi, kada shi ɗaga don shi leƙa, har mota ta tsaya ƙofar asibiti.